Jeren Ɗakin Yaya

A cikin birnin Kano da na tashi, uwa ba ta jiran sai an kawo kuɗin na-gani-ina-so kafin ta fara shirin ɗakin 'yarta. Tun yarinya tana goye ake farawa. Ranar da aka sami rarar ciniki, ko aka kwashi adashi, sai a aiki yaro ya kira dillaliya, a zaɓi kwalla ɗaya ko langa biyu, a naɗe da tsohon zane a tura ƙarƙashin gado. Haka za a yi ta turawa shekara da shekaru. Mu yara mun san akwai dukiya a wurin, don haka ko kwabo ne ya gangara ƙarƙashin gadon Inna, sai ka faɗa mata kafin ka zura hannu.

Inna ƙuli-ƙuli da man gyaɗa take yi, in ta sami sarari da rana kuma ta ɗauki ɗinkin hula. Yayata ce mai kai talla. Ni shekaruna sun zo daidai da shirin UPE na 1976, aka rubuta sunana a firamare. Ita kuwa a lokacin ta riga ta saba da faranti a ka. Ba zan yi wa talla ado ba. Ya hana 'yan mata da yawa karatu, ita ma Yaya har yau in maganar makaranta ta taso sai ta yi shiru. Sai dai mafi yawan abin da aka jera mata da guminta aka saye shi, ta san haka, matan unguwa ma sun sani.

A farkon shekarun 1980 aka yi bikinta, bayan Babbar Salla. Kowa ya san nasa nauyin. Baba shi ne da gado da katifa da kabad. Inna ita ce da kwanuka da tukwane da duk wani tarkacen ɗaki da na girki. Abin da ya rage na dangi ne da ƙawaye, ta hanyar abin da mata ke kira biki: kin kai wa mace langa ranar auren 'yarta, ranar naki za ta zo miki da biyu, ko da wani abin da ya ɗara. Ba a rubutawa, kuma ba a mantawa. Inna tana iya gaya miki abin da wance ta kawo mata ranar sunan ƙanena, har da launinsa. Wanda ya karanta labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta ɗauka daga bakinta aka buga a 1954, zai ga wannan ramuwar biki tsakanin mata daɗaɗɗiya ce.

Aikin hannu shi ya fi cin lokaci, shi ne kuma ya fi zauna mini a rai. Tun da aka sa rana gidanmu ya koma wurin saƙa. Bayan sallar isha a shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, a kunna fitilar ƙwai, 'yan matan maƙwabta su yi ta shigowa, kowace da kwarashinta soke a kitso. Daga kasuwar Ƙofar Wambai ake sayo zaren ulu, ja da ruwan ɗorawa da kore shar da shuɗi. Ba mai neman launi mai sanyi a lokacin, so ake in an ɗaga labule ido ya cika. Ana saƙa tuma-ƙasa na rufe kwanon abinci, manya da ƙanana, da na ɗorawa a kan rediyo, da wata doguwar saƙa mai geza wadda za ta zagaye bakin gado. Mu ƙanana da hannunmu bai faɗa ba, namu riƙon zare ne: ki ware hannuwa biyu a sarƙafa miki, wata tana ja tana dunƙulawa, har kafaɗarki ta yi tsami. Ana yi ana hira, ana tsokanar amarya, ita kuma ta sunkuyar da kai ta ƙi ɗaukar ko zare ɗaya, don kada a ce tana ɗokin aure.

Zanen gado da rigunan filo aikin Goggo ne, ƙanwar Baba. Farin yadi aka yanko mata daga Kantin Kwari. Ta shimfiɗa shi a tabarma, ta kifa bakin kofi ta zagaye da fensir, ta kifa murfin kwalba a tsakiya, ta yi masa kunnuwa, nan da nan fure ya fito. Sai ta ja reshe da hannu, ta sa ganye, a kusurwa ta zana tsuntsu biyu suna fuskantar juna. Daga nan sai allura da zaren siliki. Na sha zama kusa da ita ina kallon yatsunta. Babban yatsanta na dama ya yi kanta saboda turin allura. In zare ya ƙare ta tsinke da haƙori, ta lashi bakin sabon ta murza, ta ɗaga allurar saitin fitila ta zura. Duk furen da ta gama sai ta juya bayan yadin ta duba, in ta ga ƙulli ya yi tudu ta warware ta sake. Wani dare na tambaye ta dalili, tunda ba a ganin bayan. Ta ce, "Ke, gaba na baƙi ne. Mace in tana so ta san aikinki, baya take juyawa." Ranar ganin ɗaki kuwa da idona na ga wata tsohuwa daga dangin ango ta ɗaga gefen zanen, ta leƙa bayansa, ta saki, ta gyaɗa kai.

Kakarmu ta wajen uwa, wadda muke kira Iya, ta zo daga ƙauye da ɗaurin kabarta. Faifai ne nata. Ta tsaga kabar siri-siri, ta dafa galura a tsohuwar tukunya, ta rina wata ja wata baƙa wata koriya, ta shanya a igiya. Sannan ta zauna da basilla tana naɗa kabar a kan ciyawa, daga cibiya tana zagayowa. Ba ta zana komai tukuna, ba ta ƙirge da baki, amma sai ka ga tauraro ya fito da ƙafafunsa daidai wa daida. Ita ce kuma ta zaunar da mu muka tsince 'ya'yan audugar rimi da za a cusa matasan kai, gida duk ya cika da atishawa.

Iya ba ta ɗauki kwalla a bakin komai ba. A zamaninta, in ji ta, ƙorai ake jerawa, masakai da ƙoƙuna da ludaya, an kankare su an yi musu zane, a rataye wasu a ragaya, sai akushi, sai tasoshin tagulla ga mai hali. Kwanon kwalla baƙo ne. Kamfanonin Turawa ne suka fara shigo da shi, daga baya aka kafa masana'antunsa a Legas da Kano, ya yi araha ya shiga kowane gida. Da kuɗin Udoji suka faɗo hannun ma'aikata a 1975 kasuwa ta buɗe, jere ya yi ta hawa har ya taɓa rufi. Iya takan ce ƙwarya in ta tsage ana ɗinke ta, kwalla kuwa in ta ɓantare sai tsatsa. Saboda haka ba na cewa jeren zamaninmu shi ne na asali. Kowane zamani da abin da yake jerawa. Abin da ya haɗa na Iya da na Inna shi ne masu jerawar dangi ne.

A ƙauyen su Iya na ga daɓe, a bikin 'yar Kawu, kafin na Yaya. Maza sun gama yaɓe sun fita. Aka zubo tsakuwa da jar ƙasa aka baje a ɗakin, aka yayyafa ruwa. Mata suka durƙusa sahu-sahu, kowace da madaɓinta, ɗaya tana ba da waƙa saura suna amshi, madaɓai suna sauka lokaci guda. Daga bakin rijiya ana jiyo sautin, duk macen da ta ji kuwa ta san ana nemanta, sai ta sauke tulu ta ɗauko nata madaɓin. Tun kwanaki kafin nan an jiƙa ɓawon ɗorawa a randa, ruwan ya yi duhu, shi ne makuba. Ana daɓewa ana yayyafa shi, a bari ya sha iska, a sake bi. In ya bushe sai ƙasan ɗaki ya yi ƙarfi, ya yi sumul, yana sheƙi ja-ja baƙi-baƙi, ruwa ya zube ba ya nutsewa nan take. Ladan masu daɓe fura ce da tuwo da goro. Na kwanta a kan wannan daɓen da zafin bazara, har yau ban manta sanyinsa a kumatuna ba. Siminti ya kashe wannan aiki a birni, ya bi shi ƙauye, waƙoƙin ma sun tafi tare da shi.

Ɗakin Yaya siminti ne a ƙasa, amma ginin ƙasa ne mai rufin azara, ciki da rumfa, a wani babban gida cikin birni inda ango ke zaune da iyayensa da yayyensa da matansu. Ana jibi za a kai amarya aka tafi jere. Inna ba ta je ba. Uwa ba ta zuwa jere, balle Yaya 'yar fari ce, ko sunanta Inna ba ta faɗa. Amarya ma tana can cikin lalle a lulluɓe. Mutum biyun da abin ya fi shafa ke nan, ba wadda ta ga yadda aka yi. Goggo ce a gaba, sai ƙannen Inna, sai matan kawunnanmu, sai aminiyar Inna. An loda gado da kabad a akori-kura, kwanuka kuwa a ka muka ɗauka, muka bi lungu a jere, yara suna bin mu, matan aure suna leƙe ta bakin soro.

An riga an shafe bangon da farar ƙasa, an ɗan sirka mata bula don ta yi haske. Samarin gidan suka haɗa gadon, na ƙarfe mai rumfa, suka ɗora ƙafafunsa a kan gwangwanayen da aka cika da siminti don ya yi tsayi, a sami wurin daro da fanteka a ƙarƙashi. Suna gamawa Goggo ta ce, "To, sannunku, Allah ya yi albarka. Saura na mata ne." Aka saki labule, aka yar da mayafai, kowa ta ci ɗamara.

Sai aka shiga kwance ƙunshi. Ranar na fara ganin duk abin da Inna ta tara a wuri ɗaya, na tsaya baki buɗe. Aka wanke, aka goge ɗaya bayan ɗaya. Akwai tasoshin tagulla biyu da Iya ta bayar, aka dirje su da tsamiya da toka har sai da muka ga fuskokinmu a ciki. Aka kafa kabad yana fuskantar ƙofa. Babbar kwalla a ƙasa, a juya murfinta a zaunar da mai bi mata a kai, haka haka har ƙaramar da ba ta wuce ajiyar gishiri ba a can sama, kuma dole furen kowace ya kalli ƙofa. Ƙanwar Inna ta hau turmi tana karɓa tana ɗorawa. Goggo ta koma bakin ƙofa, ta tsaya daidai inda baƙuwa za ta tsaya, ta kanne ido ɗaya.

"Matsar da ita hagu. A'a, ya yi yawa. Dawo kaɗan. Yauwa, bar ta nan."

An yi gardama sosai a kan samira, ko a haɗa ja da ja, ko a tsallake a sa mai ruwan ɗorawa a tsakani. An ɗora an sauke, an sake ɗorawa. Ƙananan farantai kuma a bango aka kafe su, a buga ƙusa a lanƙwasa kanta ta riƙe bakin farantin, a sa faifan Iya a tsakaninsu. Aka rataye madubi, da darduma mai hoton Ka'aba wadda Kawu ya kawo tsaraba daga aikin Hajji. Aka shimfiɗa sabuwar leda a ƙasa.

Wajen la'asar aka ga layin ƙarshe ya gaza. Sauran sun kai azara, shi da sauransa. Ɗaki ya yi tsit. Wata ta ce a rage daga sauran layukan a daidaita. Goggo ba ta tanka ba, ta yafito ni waje, ta sunkuyo daidai kunnena.

"Ruga gida, ki ce wa abokiyar zamana in ji ni, ta sauko da kwalla biyu daga kan kabad ɗina, masu jan fure. Ki rufe da zane, ki biyo ta lungun baya, kada ki tsaya gaisawa da kowa."

Na je na dawo ina haki. Aka ɗora, layi ya cika. Ƙanwar Inna ta sauko daga turmi ta ce a hankali, "Goggo, in an kwana biyu sai a mayar miki." Aro ba abin kunya ba ne a lokacin. Ana yi, bayan wata ɗaya ko biyu, in ƙafar 'yan ganin ɗaki ta ɗauke, a zo a janye ba wanda ya sani. Goggo ta dube ta ta ce, "Wa ya ce miki aro ne? 'Yar wa ake kaiwa?" Daga kayan aurenta ne, waɗanda mahaifiyarta ta tara mata. Inna ba ta ji wannan labari ba sai bayan an yi sunan ɗan farin Yaya.

Gado aka bari ƙarshe. Katifa a kan katifa, zanen Goggo a sama, matasan kai a jingine har sun rufe ƙarfen, saƙar 'yan mata ta zagaye baki gezarta tana lilo. Dangin ango suka shigo da tuwo da miyar taushe da fura da goro, baki yana "Sannunku da aiki," ido kuwa yana kan kabad. Aminiyar Inna ta zuba garwashi a kasko, ta barbaɗa turaren wuta irin na Barno, aka rufe taga don ɗaki ya kama. Sannan wata ta toshe hanci ta rangaɗa guɗa, tsofaffi suka ɗaga hannu: Allah ya sa ɗakin zamanta ne, Allah ya ba da haƙuri da juna, Allah ya kawo ƙazantar ɗaki. Aka sa kwaɗo, Goggo ta ƙulle makulli a haɓar zaninta.

Shekaru bayan haka Yaya ta ba ni labarin abin da ni ban gani ba. Daren da aka kai ta ba ta ga komai ba, ga kuka ga lulluɓi. Sai da gari ya fara wayewa, ta ɗaga mayafi ta dubi ɗakin. Ta ce ba abin da ba ta gane ba. Ga langar da aka saya da ribar tallan watan azumi. Ga tuma-ƙasan ƙawarta, ta gane shi don ita saƙarta kullum da tsauri take fita. Ga faifan Iya, ga tsuntsayen Goggo. Yarinya ce da ba ta kai ashirin ba, a gidan da ba ta san halin kowa ba, an kuma gaya mata daga yau nan ne gidanta. Ta ce da ni, "Wallahi sai na ji ba ni kaɗai aka bari ba." Ni a wurina amfanin jere ke nan. Ana raba yarinya da gidansu rana ɗaya, sai a yi dabara hannun kowa na gidan ya riga ta zuwa.

Kwallayen ma ba su daɗe a wofi ba. Da aka kai gara aka cika su da nakiya da alkaki da dubulan, wasu da man shanu, wasu da daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa, don amarya ta yi makonni ba ta nemi komai a hannun kowa ba.

Wurin bikin kansa kuwa ba a wahalar da shi. A share tsakar gida, a yi yayyafi don ƙura ta kwanta, a aro tabarmi da kujerun tsuguno daga maƙwabta, a ɗaura tamfol daga katanga zuwa katanga. Masu kiɗan ƙwarya su kifa ƙoransu a ruwa, in ba a sami masu amada ba a sa kaset ɗin Barmani Choge. Adon wuri shi ne matan da ke cikinsa, da atamfofinsu da lallensu. Ba wanda ya taɓa tunanin zuba kuɗi a kan abin da za a kwashe gobe da safe.

Kayan ɗaki na mace ne. Miji ba shi da iko da ko murfi ɗaya, in aure ya mutu da kayanta take fita. Jere asusu ne da aka ajiye a fili. Da aka shigo da tsarin SAP a 1986, naira ta karye, kasuwar mijin Yaya ta tsaya cak. Ba ta zo gida ta faɗa ba. Ta kira dillaliya, ta sauke layin da ba ya fuskantar ƙofa, ta sayi keken ɗinki na hannu, da shi aka ci tuwo a ɗakin nan tsawon lokaci. Kwalla biyu na Goggo kuwa ba ta taɓa su ba, suna cikin kayan da ta kai wa 'yarta ta fari. A lokacin yayi ya riga ya juya, an koma tangaran da kuloli da shokes mai gilashi, Inna tana kallon kulolin tana taɓe baki yadda Iya ta taɓe wa kwalla.

Ban manta da ɗacin abin ba. Na san amaren da aka yi wa gorin ɗaki har suka tsufa da shi a zuci, kishiya ko facala ta ce wance da me aka kawo ta. Na san iyaye mata da suka ci bashi don fita kunya, suka shekara suna biya. Malamai tun a wancan lokaci suna tunatarwa cewa Nana Faɗima, 'yar Manzon Allah (SAW), da mayafi da matashin fata da salkar ruwa da dutsen niƙa aka kai ta, mata su ji su ce haka ne, gobe su koma wurin dillaliya. Nauyin bai ragu ba, ƙaruwa ya yi. Da gwamnatin Kano ta fara aurar da zawarawa ta hannun Hukumar Hisbah a 2012, gado da katifa suna cikin abin da ta ɗauki nauyi, haka ma a 2023 da aka ɗaura wa ma'aurata 1,800, domin kowa ya san a nan gizo ke saƙar. 'Yan mata nawa ne ke zaune a gida da manemi a hannu, kayan ɗaki kawai ake jira? Bambancin da nake gani shi ne, a da talaka yana da ƙofar fita kunya fiye da ɗaya. In ba shi da kuɗi yana da lokaci, yana da 'yan uwa masu hannu, kuma zanen da aka yi wata biyu ana ɗinkawa yana da daraja a idon masu kallo ko da yadinsa mai araha ne. Yanzu ƙofar ɗaya ce.

A yau kafintoci da yaran kamfani ne ke haɗa kayan ɗaki, na Turkiyya ko na Sin ko na gida. Dangi su je su shimfiɗa zanen gadon da aka saya a cikin leda, su jera kicin, su ɗauki hoto. Amarya tana ganin ɗakinta a WhatsApp kafin ta taka shi, sau da yawa ma ita ta zaɓi komai, ban kuma ga laifin hakan ba. Adon da ake kashe wa kuɗi da tunani ya koma ɗakin taro: yadudduka daga sama har ƙasa, furannin roba, balan-balan, fitilu kala-kala, kujerar ango da amarya. Masu dekoreshan sun iya aikinsu, sana'a ce, matasa da yawa da ita suke ci. Sai dai haya ne. Kafin amarya ta isa gidanta an kwance an loda a mota, gobe na wata ne. Dangi kuwa kati aka ba su, aka nuna musu tebur. Goggon zamanin nan ba a nemi komai daga hannunta ba sai kuɗin anko.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne bikin da ake kira ranar ƙauyawa. An gayyace ni ɗaya, na tarar an rataye faifai da ƙorai da ludaya a bango, an shimfiɗa tabarmi, an ajiye fitilar ƙwai, 'yan mata sun yi ɗige-ɗige a fuska sun yi shigar ban dariya, ana kwaikwayon maganar mutanen ƙauye ana sheƙa dariya. Na matsa na taɓa wani faifai. Aikin hannun wata tsohuwa ne, mai kyau, irin na Iya. Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta hana wannan biki a 2025 bisa nata dalilan. Ni nawa dalilin shi ne matan da suka saƙa waɗannan abubuwa gwanaye ne, sun cancanci a yi alfahari da su, ba a mai da su abin nishaɗin yamma ɗaya ba.

Ba cewa nake a koma daɓe ko a fasa ɗakin taro ba, na san ba za a koma ba. Roƙona ga iyaye mata masu biki a gaba ƙarami ne. A cikin kayan 'yarku ku ware wani abu da ba za a saya ba, ko da rigunan filo ne, ko labule, ko marufin kwano, ku raba wa goggonninta da ƙawayenta su yi da hannunsu, kuma ranar jere ku bar su su sa shi inda za ta gani. In akwai tsohuwa a danginku da har yanzu take saƙa faifai, ku aika mata da kaba da galura tun ana saura wata uku, ku tura 'yan mata biyu su zauna kusa da ita su koya.